Idan Dalluka Ta Yi Shiru

[Hoto: farfajiyar wata makaranta da dare, mata a kan tabarmi, ana buga dalluka, gangar matan Sudan, ana tafi]

Irin wannan bidiyon ne ya cika wayoyinmu kwanakin nan. Mata na tafi, yara na tsalle, wani dattijo ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu a saman kan mai waƙa yana cewa "abshir", wato yi farin ciki. Sharhi kuwa sai zuba yake yi, yawanci daga 'yan uwa na Najeriya da Nijar: "Ashe ba yaƙi ake yi a Sudan ba?" "Masu neman taimako ne da kiɗa, har da liƙi?" To jama'a, a ɗan saurara. Daƙiƙa 30 kuka gani, kuma mai ɗauka ya kashe wayarsa daidai inda maganar take.

[Hoto: taswira, motoci maƙare da kaya]

A gurguje. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, rundunar ɗaukin gaggawa. Mutanen Khartum suka gudu Wad Madani, a Disambar shekarar Madanin ma ta faɗa hannun RSF, tsakiyar 2024 Sinja ta bi sahu. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Da yawa gabas suka yo, Gadarif, Kasala, Port Sudan. Makarantu suka koma gidaje, aji ɗaya iyalai da dama, zani ne kawai aka rataya a tsakani. Hausawa na ciki, tunda ba baƙi ba ne mu a nan: garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yanzu ku sa kanku a wannan ajin. Matar da ke bayan zanin ba ki san sunanta ba. Kowa na tsoron kowa, kowa na ɓoye abin da ya gani a hanya. Ka kira taro ka ce a zo a tattauna matsaloli, tsofaffi uku za ka samu. Amma yarinya ɗaya ta ɗauko dalluka bayan isha'i, ko ta kife ƙwarya a ruwa irin ta gida, yara za su fito, uwa ta biyo ɗanta, kaka ta ce hayaniya ta hana ta barci, ta jawo tabarmarta gaba da kowa.

[Hoto: a dakata daidai inda mai kiɗa ta ɗora tafinta a kan fata]

Nan nake so ku kalla da kyau. Waƙa ta ƙare, kiɗa ya tsaya. Babu wanda ya tashi, domin an san wata na tafe. Wannan ɗan tsakanin shi ake yankewa.

Ga wani saurayi ya miƙe da takarda, cigiya ce. Wa ya fito ta hanyar Sinja, ko ya ga wata tsohuwa da jikoki biyu? Sai ka ji murya daga baya: "Ɗana, sake faɗin unguwar." Waya ba kullum take shiga ba, intanet ya sha ɗaukewa, saboda haka bakin mutane ne ke kai labari. Bayan cigiya sai marasa lafiya: Baba na aji na uku maganin sukarinsa ya ƙare, akwai mai juna biyu da watanta ya tsaya, wa ke da keken jaki ko rakasha, wato adaidaita sahu, idan abin ya zo da dare? Sai aiki: ana neman hannu a gonar riɗi ko dawa, kuɗin yini kaza. Duk wannan a cikin mintuna kaɗan, a gaban jama'ar da ba za ta taɓa taruwa haka da rana ba.

Kuma ku lura da wadda ba ta fito ba. Matan nan suna ƙirga juna da ido. Idan Inna ba ta zo ba yau, ba ta zo ba jiya, kafin a watse wata za ta je ta ɗaga zaninta. Mai cewa yunwa nake ji da bakinsa kaɗan ne a cikinmu, kun san halinmu da kunya. Rashin ganinta a tabarma shi ke faɗa a madadinta.

[Hoto: faranti na zagayawa]

Sai kuɗin da ya ba mutane haushi. A taron da kuke gani, mai waƙar maƙwabciya ce, ita ma gudun hijira ta yi. Abin da aka liƙa mata farantin nan yake komawa, a ƙirga a gaban kowa, a rubuta. Wanda ba shi da takardar kuɗi, don ita ma ta yi wuya, ya tura ta Bankak, manhajar banki ta waya. Da safe ya zama adas ko ful, wato nau'o'in wake, ko gawayi a takiya, tukunyar unguwa da matasa 'yan sa kai ke dafawa kyauta. Ni dai a ganina faranti ya fi akwati a ƙofa, saboda mai fam ɗari zai saka nasa cikin tafi ba tare da an dube shi ba.

[Hoto: maza da tambura, ana madihu]

Masu cewa kiɗa bai dace ba, na ji ku, kuma muhawarar ta girme mu. Aisha Falatiya, 'yar Hausawa haifaffiyar Kasala, wadda ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, mahaifinta malami ne kuma bai so sana'ar ba. A wasu unguwannin ma madihu ake yi da tambura, yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kusan irin bandirin Ƙadiriyya na Kano. Can ma ana tsayawa, ana cigiya, faranti na zagayawa.

Akwai abu ɗaya da ke taɓa ni. Bayan rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda Hausawa da dama suka rasa rayuka da muhalli a cikinsa, zama tabarma ɗaya da wasu ƙabilu bai zo da sauƙi ba. Ku dubi layin nan: baiti da Hausa, amshi da Larabci, kuma sunan da aka yi cigiya ba a tambayi ƙabilarsa ba.

[Hoto: layin robobi da kwanoni a gaban tukunya]

Kada a ɗauka farantin ya wadatar. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, takiyoyi masu yawa sun rufe a faɗin ƙasar, waɗanda suka rage kuma suka rage awo. Mai son ya taimaka daga waje, ya nemi wani da ya sani a garin ya haɗa shi da masu kula da tukunyar unguwar, ya tabbatar lambar tasu ce kafin ya tura ko sisi.