Me Ke Gajiyar Da Masu Kula Da Yara A Sansanonin Hutu Na Amurka?

Daga watan Yuni zuwa Agusta, idan makarantun Amurka sun tafi dogon hutu, iyaye da yawa kan kai 'ya'yansu sansanoni a daji ko bakin tafki. A can yara ke koyon iyo, da tuƙa kwalekwale, da hawan dutse. Masu kula da su galibi matasa ne 'yan jami'a, wasu ma daga ƙasashen waje suke zuwa da bizar J-1, wadda Amurka ke bai wa baƙi masu zuwa aiki ko karatu na ɗan lokaci.

To, bari mu leƙa rayuwar mai wannan aiki. Ɗaki ɗaya yake kwana da yaran. Shi zai tashe su da safe, ya ƙirga su kafin a shiga ruwa, ya sake ƙirgawa bayan an fito. Cikin dare idan wani ya yi fitsarin kwance, ko ya fashe da kuka yana kiran mamarsa, shi ɗin dai zai tashi ya canza zanin gado, ya rarrashe shi har ya koma barci. Gari na wayewa a ɗora daga inda aka tsaya, haka har makonni.

Albashin fa? Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta tanadi mafi ƙarancin albashi, wanda tun 2009 yake dala 7.25 a awa, da ƙarin kuɗi ga duk wanda ya wuce awa 40 a mako. Sai dai dokar ta cire sansanonin da ba sa aiki fiye da wata 7 a shekara. Shi ya sa da yawansu ke biyan kuɗi a dunƙule, komai yawan awannin da mutum ya yi, sai fa inda dokar jiha ta hana.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace alamomi uku na irin wannan gajiya da aiki ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita ran mutum, ƙwazonsa ya ragu. Abin da ya fi tayar da hankali a nan shi ne amanar da ke hannunsa. Wanda bai samu isasshen barci ba, shi ake so ya sa ido a kan yaran mutane a tsakiyar tafki. Da yawa idan sun gama zango ɗaya ba sa dawowa, sai baɗi a ɗauko sababbi, a horar da su na 'yan kwanaki, a damƙa musu yaran.