Amsoshin Tambayoyinku: Ana iya auna kuskuren ma'aikaci a matatar mai?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito daga wani mai koyon aiki a masana'antar sarrafa man fetur. Yana tambaya: "An ce ana lissafa yiwuwar kuskuren ma'aikaci. To yaya za a auna abin da ke cikin kan mutum?"

Malam, mun gode. Aikin ake aunawa, da yanayin da ake yin sa. Akwai hanyar da ake kira HEART, wadda wani masani mai suna J.C. Williams ya fito da ita a Birtaniya a tsakiyar shekarun 1980. Za a ɗauki aiki guda, a ce tayar da hasumiyar tace mai bayan gyara, a bi shi daki-daki. Aikin da aka tsara da kyau kuma hannu ya saba da shi, ana ƙiyasta kuskure 4 cikin 10,000. Baƙon aiki cikin gaggawa kuwa, yiwuwar kuskurensa ta haura rabi. Daga nan sai a duba abubuwan da ke ingiza mutum ya kauce: ƙurewar lokaci na iya ninka adadin har sau 11, rashin sabo har sau 17.

A ganina amfanin lissafin shi ne yana tilasta wa shugabanni su sauko su ga abin da suka ɗora wa ma'aikaci. A matatar Milford Haven ta yankin Wales, a 1994, ƙararrawar gargaɗi 275 ce ta kaɗa wa ma'aikata biyu cikin minti 11 na ƙarshe kafin wata fashewa ta auku a matatar. Don Allah, wane ɗan Adam ne zai tantance wannan? A matatar BP ta Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris 2005, hasumiya ta cika ta tumbatsa alhali ma'auni na nuna man yana raguwa, kuma wasu ma'aikatan sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin awa 12. A fashewar da ta biyo baya, mutum 15 suka rasu, wasu 180 suka jikkata.

Wata baiwar Allah kuma ta rubuto: "Idan ma'aikaci ya yi sakaci, ba korarsa ce magani ba?"

Malama, wanda ya karya doka da gangan a hukunta shi, babu ja. Amma in aka kori mai gajiya aka bar jadawalin da ya gajiyar da shi da ma'aunin da ya ruɗe shi, wanda ya gaje shi ramin zai faɗa. Ga kuma wata illa: sauran za su fara ɓoye ƙananan kurakuransu, waɗanda da su ne masu bincike ke gano inda za a gyara.

Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. A huta lafiya.