Gwaji ya ce lafiya lau, jiki ya ce a'a: daga wata lacca a Jos

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata da ke baya, kuna ji na? To, madalla.

Akwai mara lafiyar da kowa ya sani. Ya sha maganin taifod sau uku, ya sha na maleriya, an ce masa ulsa ce. Ya je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, an ɗebi jini, an yi hoto, ba a ga komai ba. Shi kuwa kansa kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jikinsa kamar kiyashi. Ya koma gida, wasu su ce raki ne, wasu su ce jifa ce.

Ba raki ba ne, ciwon yana jin sa da gaske. Tun 1960 wani likita, Raymond Prince, ya rubuta irin wannan a kan ɗaliban Najeriya masu fama da ciwon kai da na wuya saboda karatu.

Idan tsoro ya kama mutum, jiki na sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, tsokar wuya ta ɗaure, numfashi ya yi sama-sama. Saurin numfashin nan yana rage iskar kabon a jini, sai jiri ya ɗebe ka, yatsu kamar ana tsira musu allura. Ka tsorata da jirin, tsoron ya ƙara jirin. Mu a Jos ba sai an ba mu labari ba. Wanda ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008, ya ji bam ɗin kasuwar Taminus a 2014, ko taya ce ta fashe gabansa sai ya faɗi. Shi ya ce abin ya wuce, jikinsa bai yarda ba.

In abin ya taso, zauna. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi sannu, sakin ya fi jan tsawo. Sannan ka tambayi kanka: me ya faru kafin ciwon? Bashi ne? Kuɗin makaranta? Kishiya? (dariya) Ku yi dariyarku, Hajiya, amma ki riƙa lura har sati biyu, ki ga ranakun da kan ke sarawa. Wannan “ba komai” da muke yi, alhali ciki na tafasa, ita ce ke cin mu. Nemi wanda ka yarda da shi ka amayar.

Ka riƙe likita ɗaya, ka bar yawon kemis. Amma in kana ramewa, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya, ko ka ga jini, ko ciwon ya sauya kama, koma asibiti ranar.

Malam, na ga hannunka. Addu'a ko? Ban hana ba, a haɗa su. Ku miƙa masa lasifikar.