Inda kuɗin intanet ɗin karkara ke maƙalewa

Jama'a, assalamu alaikum. Mu fara da aljihun da kuɗin ke fitowa. Dokar sadarwa ta Najeriya ta 2003 ce ta kafa asusun USPF, wato asusun tallafa wa kai sadarwa ko'ina, ya fara aiki a 2006, kuma hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ke zuba masa wani kaso na harajin da kamfanonin waya ke biya duk shekara. Aikinsa cike giɓi ne a ƙauyen da cinikin kati da data ba zai mayar wa kamfani kuɗinsa ba. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi, kilomita 90,000 a kan kusan dala biliyan 2.

To, ku riƙe wannan: turken sadarwa shi kaɗai ƙarfe ne a tsaye. Sai an jona shi da babban layi, ko ta faiba a ƙarƙashin ƙasa, ko ta farantin da ke kallon wani turke kai tsaye, wanda dutse ɗaya a tsakani ya isa ya yanke sabis.

Faiba ta fi ɗaukar kaya, amma a nan rigima take. Kafin a sa diga sai an biya jiha kuɗin izinin haƙa gefen titi. A 2020 aka jaddada naira 145 kowace mita, Kaduna ma ta yafe nata. Ku lissafa: kilomita 30 zuwa ƙauye, naira miliyan 4 da dubu 350 ke nan. Jihar da ta ce dubbai a kan mita, ta kashe aikin tun a takarda.

Ramin kuma ya kai kamar mita ɗaya, wayar a cikin bututun roba, da leda mai gargaɗi a samansa. Ɗan kwangila ya tsaya a rabi don ya rage kuɗin leburori, damina ɗaya zaizaya ta fito da ita, ko katafilar masu gyaran kwalbati ta tsinke ta. Zaren gilashi ne siriri kamar gashi, ba a ƙulla shi da hannu. Sai an zo da na'urar gano wurin da ya katse da injin narka bakin biyu.

Sai wuta. Da yawa daga cikin turakun karkara sola da batir ke riƙe su. Ƙurar hunturu ta rufe farantin sola, caji ya ragu, zafin bazara ya cinye batirin, ɓarayi su kwashe sauran. Gaskiya, a nan na fi ganin laifin tsarin: ana ware kuɗin gini, a manta da na mai gadi da mai gyara.

Shi ya sa ya kamata a raba tallafin kashi-kashi, a biya bisa awannin da turken ya yi yana aiki kowane wata. A kuma rubuta a kwangila wa zai goge farantin sola a watan Janairu, kuma sau nawa a mako.