Kilo ɗaya na gawayi, ina yake tafiya in ya cinye?

Jama'a barkanmu da warhaka, yau daga kurfoti za mu fara. Ka zuba gawayi kilo ɗaya, ka yi ta fifita, ya cinye tas sai 'yar toka. To ina sauran? Bai ɓace ba fa, tun 1789 Lavoisier ɗan Faransa ya rubuta cewa nauyin da ya shiga haɗi shi ne zai fito, kama kawai yake canzawa.

Ga shi a allo: C + O₂ → CO₂. Ƙwayar kabon ɗaya, ƙwayar oksijin ɗaya (wato O₂ ɗin nan gaba ɗayansa), su ba da kabon dayoksaid ɗaya. Nan ne 'yan WAEC da NECO ke zamewa wallahi, sai ka ga yaro ya ɗauka giram ɗaya ne da giram ɗaya. A'a, da ƙirge suke haɗuwa, ba da sikeli ba.

Shi ya sa aka kawo mol. Kamar yadda in ka ce kiret ɗin ƙwai kowa ya san 30 ne, to mol ma haka, sai dai nasa 6.022 × 10²³ ne, lambar Avogadro ke nan. Kiret ɗin ƙwan zabi ai ba zai yi nauyin na agwagwa ba ko? Haka mol ɗin kabon giram 12, na oksijin 32, na kabon dayoksaid 44.

Mu ɗauka gawayin nan zallar kabon ne, duk da na kasuwa da toka da danshi a ciki. Kilo ɗaya giram 1000 ne, raba 1000 da 12, ka samu mol 83.3. Tunda ɗaya da ɗaya ne, ninka da 32, oksijin kusan kilo 2.7 ya sha, ninka da 44, kabon dayoksaid kusan kilo 3.7 ne ya tashi sama. Hayaƙin da ba ka gani ya fi gawayin nauyi kusan sau huɗu!

To in oksijin ɗin ya gaza fa, kamar lokacin hunturu da ake shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa da taga ruf? Lissafin ya koma 2C + O₂ → 2CO, kabon biyu suna rabon oksijin ɗaya. Kabon monoksaid ke nan, ba launi ba wari, shi ke kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin, mutum yana barci ya wuce.