Mugun da ya tuba a gadon asibiti

An gabatar da wannan lacca a Gusau, gaban ɗalibai da matasa masu sha'awar rubutun wasan kwaikwayo. Daga faifan da aka naɗa aka kwafo ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke gaba, iyayenmu mata da na hango can gefe, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. Na baya kuna jina? To madalla.

Abubuwa huɗu nake so mu taɓa: katun ɗin da taurarinsa ba sa canzawa, sai yadda hali ke juyawa a dirama, sai ƙarfin bakin 'yan kallo a kan marubuci, sai kuma maganar namu katun na Hausa.

Na ɗaya ba zai ci mana lokaci ba. Kowa a nan ya san Tom and Jerry. William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a Amurka a 1940, suka yi guda 114 zuwa 1958, har ya ci kyautar Oscar sau 7. Kusan babu magana a cikinsa, shi ya sa yaron Tudun Wada da yaron Kaura Namoda suke fahimtarsa ba tare da tafinta ba. Shekara fiye da 80 kyanwa tana bin ɓera, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi cewa ba ta yi hankali ba. Ranar da ta yi hankali ranar wasan ya mutu. Haka Gizo a tatsuniya. Kakanninmu ba su taɓa sa Gizo ya shiryu ba. A kama shi yau, gobe da dare ya dawo da sabuwar dabara, Ƙoƙi tana nan tana haƙuri. Haka marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki. Mutane suna kunna talabijin ne don su tarar da shi yadda suka bar shi. Wannan alkawari ne tsakanin mai wasa da mai kallo: ba zan canza ba, kai dai ka zo ka yi dariya.

Amma dirama mai dogon zango wani alkawarin ta ɗauka. Tunda tashar Arewa24 ta fara a 2014, Daɗin Kowa ya shiga gidaje, daga baya su Labarina da Izzar So suka biyo, sai muka koma zama da mutum ɗaya shekara da shekaru. Ka san uwarsa, ka san bashin da ake binsa. Wanda ka yi irin wannan zama da shi kuwa dole ka sa ido a kan halinsa.

To a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku, domin abin da ya fi damuna ke nan.

Ku tuna mugun da kuka fi tsana a wata dirama, kowace ce, ba sai na kama suna ba. Ya cinye gadon marayu, ya raba aure, ya sa an ɗaure marar laifi. Mako 50 muna binsa. Sai a fita ta ƙarshe mota ta kwashe shi. Sai ga shi a gadon asibiti, kai naɗe da bandeji, ana ƙara masa ruwa, yana hawaye yana cewa a kira masa wance ta yafe masa. Sai sarewa ta tashi a hankali. Ta zo ta ce ta yafe duniya da lahira. Shi ke nan. Shi ya sa nake ba duk mugun fim shawara, in an kusa rufe zango kada ya yarda ya tsallaka titi. (Dariya)

Kun yi dariya don kun gani, ba sau ɗaya ba. Amma ku je teburin mai shayi washegari ku ji. Za ku ji ana cewa, "Kai, wanga tuba bai shiga kaina ba." Ko ku shiga tsakar gida da daddare, inda aka jingina waya jikin kwanon sha, mata huɗu sun kewaye ta, cajin ya kusa ƙarewa. Uwar gida za ta buga cinya ta ce, "Ƙarya yake! Ina gonar da ya ƙwace?" Wannan tambaya, ina gonar, ta fi duk wani sharhi da zan yi muku yau. Matar nan ba ta shiga ajin adabi ba, amma ta shiga Islamiyya. An karantar da ita cewa tuba tana da sharuɗɗa: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa. Marubucinmu ya nuna nadama, ya tsallake sauran. Hawaye sun fi sauƙin ɗauka a kyamara. Mayar da gona yana bukatar a nuna mutum ya je gaban dagaci, ya sunkuyar da kai gaban waɗanda jiya suke tsoronsa, 'ya'yansa suna fushi da shi don ya rage musu dukiya. Can ne wasan yake, kuma can ne ake gudu.

Kuma ba sai na yi dogon bayani ba, mu mutanen Zamfara ba a koya mana bambancin tuban baki da tuban gaskiya. Mun ga an ce an ajiye makami, mun ga abin da ya biyo baya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. (Amin) Mai kallon da ya rayu cikin wannan, ba za ka saye shi da bandeji da sarewa ba.

Wani zai ce ai Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, don haka mutum ba ya canzawa. Ni abin da na fahimta, karin maganar tana faɗa mana tsadar canjin ne. Mutum yana canzawa, amma ba a wuni ɗaya ba, kuma ba kyauta ba. Ku dubi marini. Ba ya tsoma zane a baba sau ɗaya ya ce ya rinu. Ya tsoma, ya ciro, ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har launin ya zauna.

Bari in ba ku misali daga katun, don kada ku ɗauka katun duk kyanwa da ɓera ne. Matasan nan da yawa kun kalli Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008, fita 61 a zango 3. Na ga wasu suna murmushi, sun san inda zan dosa. Akwai ɗan sarki a ciki, Zuko, wanda ubansa ya ƙone masa fuska ya kore shi daga ƙasa. Burinsa ɗaya, uban ya karɓe shi. Ɗan'uwan uban nasa, dattijo mai haƙuri, shi ke biye da shi yana lallashi. A ƙarshen zango na biyu duk alamu sun nuna yaron zai shiryu, an ba shi dama a hannu. Sai ya juya baya, ya ci amanar dattijon nan, ya koma gida. Aka karɓe shi, ya samu duk abin da yake nema. A nan, cikin fada, cikin daula, ya gane abin bai cika masa ciki ba. Ba mota ce ta buge shi ba, ba ciwo ya kwantar da shi ba. Yana kan ganiyarsa ya tsaya gaban ubansa ya faɗa masa gaskiya, ya fita. Da ya je wurin waɗanda ya zalunta ma ba su yi masa maraba ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana biyan bashi. Shi ya sa har yau masu kallo a duniya suke kawo sunansa in ana wannan magana. Sun ga abin da ya biya.

Ku ɗalibai, ga aiki. A ce kuna rubuta matar uba mai azabtar da maraya. Kada ku kai ta asibiti. Ku nuna min ita da magariba tana kwasar tuwo. Kullum yaron ƙanzo take kankaro masa. Yau sai ta ɗebo tsoka guda, ta tsaya da ludayi a hannu, ta waiga ko wani yana ganinta, ta jefa a kwanonsa, sannan ta daka masa tsawa ya ɗauka ya ba ta wuri. Mako mai zuwa ta koma ta mare shi a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma a wannan karon ta kasa barci. Mako na gaba 'yarta ta cikinta ta zage shi da kalmar da ita ta saba zaginsa, ta ji muryarta a bakin 'yarta. Ku tafi da ita a haka. Ranar da za ta nemi gafara, mai kallo ya riga ta kuka. Kuma ku lura, ban ƙara muku kuɗin lokeshan ko sisi ba, murhu ne da ludayi.

Ina muke, na biyu ko na uku? To, na uku, da sauri. Yawancin waɗannan diramomi duk mako ake sakinsu a YouTube, kuɗin kuma yana bin yawan masu kallo. Don haka abin da 'yan kallo suka faɗa yana isa kunnen furodusa. Wanda aka so sai a ƙara masa fitowa ko labari bai neme shi ba, wanda aka ji daɗin tsana sai a yi ta jan muguntarsa, har lokaci ya ƙure, babu sauran wurin da zai canza a hankali. Daga nan motar nan take fitowa. Kun kuma tuna surutun da aka sha da aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya a Labarina. Mutane sun nuna cewa tauraron da suka zauna da shi nasu ne. Ina girmama wannan. Ku saurari mai kallo in ya ce muku wuri kaza bai zauna ba, kusan kullum yana da gaskiya. Amma in ya ce a aura wa wane wance, wannan kuma aikinku ne.

Na huɗu... na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Wata uwa daga cikin mahalarta: Malam, ni ba rubutu nika yi ba. Ɗiyana ne, kullum suna gaban katun na Turanci da na Larabci, sun tashi suna tsalle suna naushin juna. In hana su ne, ko mi zan yi?

Hajiya, Allah Ya raya su, Ya yi musu albarka. Kin ma taɓo na huɗun. Katun yana da tsada: kowane sakan ɗaya yana cin hoto 12 zuwa 24, shi ya sa namu bai yawaita ba, duk da akwai masu ƙoƙari irin Adamu Waziri da ya yi Bino and Fino a Abuja. Kafin namu ya wadata, ni ba zan ce ki hana gaba ɗaya ba, don za su je maƙwabta su gani ba ki nan. Ki yanka musu lokaci, bayan sun dawo daga allo sun ci abinci. Akwai kuma wanda aka zana don manya, kada ki ce tunda zane ne na yara ne. Ki fara dubawa da idonki. Sannan ko sau ɗaya a mako ki zauna tare da su. In an gama ki tambayi babban, don me wane ya yi haka? Ƙaramin ki ce, da kai ne fa? Za su ba ki amsa da Hausa, ko da Larabci suka kalla. In an ɗauke wuta kuma, ki ba su Gizo, ki tsaya a tsakiya ki ce su ƙarasa. Maganar naushi, ki lura da wanne suke kwaikwayo, shi kaɗai za ki cire, ki faɗa musu dalili.

Ɗan'uwana mai farar hula, na ga hannunka tun ɗazu. An ce lokacin La'asar ya yi, ka same ni a bakin ƙofa bayan salla. Wassalamu alaikum.