"Malam ya ce" ba hujja ba ce

Daga faifan laccar da wani malamin tarihi ya gabatar wa ɗaliban sakandare a Gwandu, jihar Kebbi.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da ke zaune nan gaba, a yi mini afuwa, yau da yaran nan zan yi.

Ƴaƴana, tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa bin na gaba bin Allah. Ni ma da ita aka raine ni. Abin da ba a gaya mana ba shi ne yadda za mu yi ranar da na gaban ya saki hanya.

Ba sai mun je nesa ba. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana nan garin, wasunku ta gabansa suke wucewa kullum. Ƙanin Shehu ne, almajirinsa ne, shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto a 1804. Wa ya kai shi biyayya? Amma wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, sai ya dubi jama'ar da suka fito tare, ya ga da yawa hankalinsu ya koma kan ganima da dawakai da neman sarauta. Kowa na gani, kowa ya yi shiru. Shi bai iya ba. Ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka riƙe shi, ya zauna yana karantar da su, can ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ke nuna wa mai mulki iyakarsa a shari'a. Daga baya ya dawo. Ku lura da wannan: bai zagi kowa a kasuwa ba, bai kuma tafa wa ɓarna ba. Alƙalami ya ɗauka, ya jero hujja.

Shehun kansa ai haka ya yi wa malaman zamaninsa, masu karantar da almajirai a zaure su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Al'adar kowa ce a lokacin, bai hana shi cewa kuskure ce ba.

Kada ku ɗauka maganar littattafai ce kawai. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ana ba da magani, ba ya ci. Sai da likitoci suka ƙi yarda da amsar farko, aka gwada jinin yaran, aka ga gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Da an tsaya kan "ai zazzaɓi ne", da kaburburan sun fi haka.

To, kada wani ya koma gida ya ɗaga wa babansa murya ya ce ni na sa shi. (Dariya.) Akwai kuma wanda ya daina sauraron malamin unguwarsu, amma duk muryar da aka turo masa a WhatsApp sai ya haɗiye ba tauna. Wannan bai fara tunani ba, ubangida kawai ya sauya, ya ma koma hannun wanda bai san fuskarsa ba.

Tambaya tana da ladabinta. Ka durƙusa ka ce, "Allah gafarta Malam, a wane littafi zan sami wannan?" Malamin kirki daɗi zai ji. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, shi da kansa ya nuna cewa maganar kowa ana iya karɓa ana iya mayarwa, ban da ta Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Na ga hannu a baya. Ƴata, tashi mu ji. Me? Ina na samo labarin tafiya Kano? (Dariya.) Madalla. Malam Abdullahi da kansa ya ba da shi a Tazyinul Waraƙat. In an idar da Azahar ki same ni, in nuna miki wurin.